Tiger Moth: me ya sa aka koyar da matuƙan yaƙi da jirgin katako da yadi?

"Salamu alaikum Injiniya. Dan Allah ina da tambaya. Na ga bidiyon wani tsohon jirgin sama rawaya mai fiffike biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ba rufi ba komai, har da hannu wani ya murza farfelar kafin injin ya tashi. Sunansa Tiger Moth, wai da shi sojan saman Ingila suka koyar da matuƙansu a yaƙin duniya na biyu. Abin da ya ɗaure min kai, a lokacin ai suna da su Spitfire masu gudun tsiya, to me zai sa a koyar da mutum da wannan akwalar? Kuma na lura fuka-fukansa sun ɗan karkata baya irin na jet alhali gudunsa bai kai ya kawo ba. Ado ne ko da dalili?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara basira. Tambaya biyu ka haɗa, ɗaya me ya sa ƙasar da ke ƙera jirgin yaƙi mai gudun sama da kilomita 500 a awa za ta fara koyar da yaranta a jirgin da da ƙyar yake taɓa 175, ɗayar kuma karkatar fuka-fukan nan. Zan fara da ta biyun don in ka gane ta ka gane halin jirgin gaba ɗaya. Ba ado ba ne ko kaɗan. Kusan duk abin da ka gani a jikin jirgin nan ya ba ka mamaki, wata matsala ce ta taso aka toshe ta da abin da ke hannu.

Kafin in yi nisa, ni bakaniken jirgi ne, aikina ƙananan jirage masu fistin, ba matuƙin soja ba. Tiger Moth kuma na sa hannu a kansa ne lokacin da aka tura mu kwas Afirka ta Kudu, akwai wani ƙaramin kulob kusa da inda muke da suke da shi, ranar hutu nakan je in taya su aiki. Toh abin da ya shafi inji da waya da katako daga hannuna ne, abin da ya shafi tuƙi kuwa daga ɗan riƙon sandar da aka bar min a sama ne da kuma bakin matuƙan da suka tsufa a kansa.

Asalinsa

Kamfanin de Havilland na Ingila ne ya yi shi. Mai kamfanin, Geoffrey de Havilland, tun kafin yaƙin duniya na ɗaya yake zana jirage, kuma mu ma nan aikinsa ya taɓa zuwa mana, don jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka Kano a farkon Nuwamban 1925, ƙirar DH.9A ne, zanensa ne, su ma masu fiffike biyu. A wannan shekarar dai, cikin Fabrairu, ya tashi wani ɗan ƙaramin jirgi mai suna DH.60 Moth wanda ya yi shi don farar hula, mai kujera biyu, mai arha, har fuka-fukansa ana naɗe su a tura shi gareji. Injinsa na farko ma haɗe-haɗe ne, wani injiniya Frank Halford ya ɗauki kayan injin Renault mai silinda takwas da suka yi kwantai bayan yaƙi ya fitar da mai silinda huɗu daga ciki. Da kayan suka fara ƙarewa sai ya zana sabo fil, shi ne Gipsy. Da irin wannan Moth ɗin mai injin Gipsy Amy Johnson ta tashi ita kaɗai daga Ingila zuwa Ostireliya a 1930.

Jirgin ya karɓu, kulob-kulob na koyon tuƙi duk shi suke saye, sai kamfanin ya ce bari mu tallata wa soja. Nan fa aka gamu da cikas.

Laimar sauka ce ta karkata fuka-fukan

A Moth na asali kujerar gaba tana daidai ƙarƙashin fiffiken sama ne, tankin mai yana bisa kan mutum, ƙarafan da suka tallafi tankin da wayoyi sun kewaye shi ta kowane gefe. Farar hula ba su damu ba, mutum ya lallaɓa ya shiga ya lallaɓa ya fita. Soja kuwa suka ce sam, malaminmu a gaba yake zama, yana goye da laimar sauka, in jirgi ya kama wuta ko ɗalibi ya jefa su cikin abin da ba ya gyaruwa dole ya iya ficewa nan take. Wannan sharaɗin shi ne ya haifi Tiger Moth.

Sai suka tura tsakiyar fiffiken sama, tanki da ƙarafansa duka, gaba da kusan rabin mita, kujera ta fita sarari. Amma kaga jirgi yana da wurin da nauyinsa ya taru, yana da wurin da iska ke ɗaga shi, kuma dole wuraren nan biyu su zauna kusa da juna. Ka tura fiffike gaba ka bar nauyi a baya, hanci zai riƙa ɗagawa wutsiya na rinjaya, jirgi ya zama mai haɗari. Maganin da suka samu mafi sauƙi shi ne su bar gindin fiffiken a sabon wurinsa su ja bakinsa baya, ta yadda in aka haɗa lissafi ɗagawar ta koma inda take da. Shikenan karkatar da ka gani. A jet ana karkata fiffike ne saboda yadda iska ke yi in an kusa gudun sauti, a nan kuwa ba ruwan gudu, daidaita ma'auni ne kawai.

Kuma ba su tsaya zana sabon fiffike ba, tsofaffin na Moth suka gyara wa gindi a cikin shago suna gwadawa suna ƙarawa. In aka cire yadin ka ga ƙashin fiffiken za ka ga shaidar, haƙarƙarin katakon da ya kamata su kalli inda iska ke tahowa sak sun ɗan kauce, don sun bi karkatar. Haka aka ƙera dubbai ba a taɓa gyarawa ba, tunda bai hana shi tashi ba.

Gyara ɗaya kuma sai ya jawo wani. Jirgin a ƙasa zaune yake da wutsiya, hanci sama, toh duk abin da ka matsar baya ya ƙara kusantar ƙasa kenan. Da matuƙan gwaji na soja suka karɓe shi a Martlesham Heath sai suka ga bakin fiffiken ƙasa yana neman shafar ciyawa in ana tafiya da shi a fili. Sai aka rage tsawon sandunan da ke tsakanin fiffiken sama da na ƙasa, bakin na ƙasan ya ɗago. In ka koma bidiyon ka kalle shi ta gaba za ka ga na ƙasa ya fi na sama ɗagowa a gefe. Aka kuma yanka 'yan ƙofofi masu faɗowa a gefen kujerun biyu. A haka ya tashi ranar 26 ga Oktoba 1931 a filin kamfanin na Stag Lane, Hubert Broad ne ya tuƙa, a 1932 ya shiga aikin soja da lambar DH.82.

Fiffike biyu, katako da yadi

Me ya sa biyu tun farko? Ƙarfi ne ba tare da nauyi ba. Duk kafintan da ya taɓa ɗora rufin kwano ya san lissafin nan, katako ɗaya dogo lanƙwashewa yake, amma ka sa ɗaya sama ɗaya ƙasa ka haɗa su da tsaye da gicciye sai su ɗau abin da ya ninka nauyinsu sau da yawa. Wayoyin da ka gani sun gicciya tsakanin fuka-fukan ba duka aiki ɗaya suke ba, waɗanda suka taso daga ƙasan jiki suka haura zuwa fiffiken sama su ke riƙe jirgin in yana sama, waɗanda suka sauko daga sama zuwa fiffiken ƙasa su ke riƙe nauyin fuka-fukan in yana ƙasa ko ya dira da ƙarfi. Ɗaure wayoyin nan sana'a ce mai zaman kanta. Ka ƙara wa ɗaya rabin juyi jirgi ya riƙa zamewa gefe guda a sama, matuƙi ya sauko yana ta ƙorafi, ka koma ka sassauta nan ka ɗaure can. Aikin da ya fi ba ni wahala kenan a kansa, kuma tsohon da ya koya min da tafin hannu yake bugun wayar ya saurara.

Jikin jirgin bututun ƙarfe ne aka yi wa walda, fuka-fukan katako, aka lulluɓe da yadin lilin aka ɗinke shi a jikin haƙarƙarin da zare, sannan a shafa wani irin fenti mai tsananin wari da ake cewa dof, yana bushewa yana ɗame yadin. A cikin shafe-shafen akwai na garin alminiyom, shi ke kare yadin daga rana, don rana ce babbar maƙiyiyar yadi. Faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike bai cika mita 9 ba, tsawonsa mita 7 da ɗan kai, nauyinsa ba mai ba mutum kilo 500 da 'yan kai, iyakar abin da aka yarda ya tashi da shi wajen kilo 830.

Abin da ake biya a kan wannan ƙarfin shi ne gudu. Kowace waya kowace sanda tana tare iska. Shi ya sa ko ka tura totur har ƙarshe ba ya zuwa ko'ina, kuma kana rage totur yake zubar da gudunsa nan take.

Injin da aka kifa

Wanda aka fi yi shi ne DH.82A, mai injin Gipsy Major, silinda huɗu a jere, lita 6 da ɗan kai, ƙarfin doki 130, iska ke sanyaya shi ba ruwa. Abin sha'awar shi ne a kife yake, silindojin suna kallon ƙasa, ƙarfen da fistin ke juyawa yana sama. Hikimar, farfela ta hau sama ta yi nesa da ƙasa, saman hancin kuma ya zama siriri matuƙi ya ɗan samu ganin gaba, hayaƙi da feshin baƙin mai su bi ta ƙasa maimakon fuskarsa.

Kifawar tana da nata rikicin. In jirgi ya kwana, baƙin mai yana tsiyaya ya taru a kan silinda, tunda kan ne a ƙasa, kuma ruwa ba ya matsuwa, ka tada shi a haka sai ka lanƙwasa wani abu a ciki. Don haka da safe makunnan wutar inji a kashe ake juya farfela da hannu a hankali a ji ko akwai inda ta cije. Yana shan baƙin mai kuma yana zubarwa, wanda duk ya yi aiki a kansa rigarsa za ta faɗa maka.

Ba batir, ba sitata, ba famfon fetur. Tankin na tsakiyar fiffiken sama, galan 19 na Ingila wato wajen lita 86, fetur gangarowa kawai yake zuwa kafireto. Yana shan kusan lita 30 a awa. In aka kifa jirgin a sama aka daɗe inji sai ya fara tari ya ɗauke, don fetur ba ya hawa tudu, a mayar da shi daidai ya kama. Wuta kuwa maganeto biyu ke bayarwa, kowace silinda fulogi biyu, in ɗaya ya mutu ɗayan ya kawo ka gida. Makunnan a waje suke a gefen hagu na jikin jirgin, da gangan, don mai murza farfela ya gani da idonsa a kunne suke ko a kashe kafin ya sa hannu.

Murzawar da ka gani a bidiyon tana da ƙa'ida. A sa katakon tare taya tunda ba birki, a buɗe fetur, a ja wata 'yar zobe a cika kafireto har ya ɗiga, a juya farfela 'yan lokuta makunni a kashe inji ya tsotsi mai, sannan mai murzawa ya kira matuƙi ya amsa da baki, a kunna, ya fizga yana ja da baya. Ɗaya daga maganeton yana da wata 'yar na'ura mai sifirin da ke ba da wuta mai ƙarfi a juyin farko, kana jin ƙas ɗinta in kana juyawa, ranar da ba ka ji ba ta maƙale, a buɗe murfi a ɗan ƙwanƙwasa ta da ƙotar sukundireba ta saki. Wani abu kuma, farfelarsa ba ta juyawa ta ɓangaren da ta injinan Amurka ke juyawa, wanda ya saba da Cessna ƙafarsa ta dama ce ke aiki a kan fedar juya hancin jirgi wajen tashi, a nan hagu ce.

To me ya sa ba a fara da Spitfire ba

Amsa ta kusa, Spitfire kujera ɗaya ce da shi, ba inda malami zai zauna, injinsa ya haura ƙarfin doki 1,000, kuma kowane ɗaya ana jiransa a fagen daga. Ba wanda zai miƙa shi ga yaron da bai taɓa barin ƙasa ba. Koyarwar hawa-hawa ce, a fara da Tiger Moth na wasu gomman awoyi, wanda ya tsallake a kai shi Harvard ko Miles Master in jirgin faɗa zai tuƙa, ko Oxford da Anson masu inji biyu in na jefa bam ne, daga nan sai makarantar da zai hau ainihin jirgin yaƙin.

Amma wannan bai amsa me ya sa shi ɗin ba, tunda a lokacin akwai ƙananan jirage masu fiffike ɗaya irin su Miles Magister. A ganina dalilin da ya fi ƙarfi shi ne jirgin yana tona asirin ɗalibi amma da wuya ya kashe shi a kan ƙaramin kuskure. Ga yadda abin yake. Allunan da ke kwantar da jirgi dama ko hagu a fiffiken ƙasa kaɗai suke, kuma ba su da kaifi, in ka tura sanda gefe ba ka taka feda ta juya allon wutsiya daidai gwargwado ba, hanci sai ya nufi wani wajen daban jirgi ya riƙa tafiya a karkace. A jirgi mai rufi ɗalibi zai iya yin haka bai sani ba. A nan ba rufi, iska ce za ta mare ka a kunci ɗaya, malami ma da ke gaba yana jin ta a nasa kuncin, ba sai ya waiwayo ba. Ni kaina da aka sakar min sanda abin da na fara ji kenan.

Saukowa ita ce babbar jarrabawa. Ba shi da allunan rage gudu na bayan fiffike, in ka yi sama da yawa sai dai ka kwantar da shi gefe ka taka kishiyar feda ya zame ƙasa a gicciye, ka miƙe shi dab da ciyawa. Ana so tayoyin biyu da wutsiya su taɓa tare. Ka taho da gudu ya yi tsalle, ka ɗaga hanci da wuri ya faɗo, kuma da yake nauyinsa na bayan tayoyin ne, in ka yi sakaci da ƙafa bayan ya taɓa sai wutsiya ta nemi wuce hanci ya yi juyi a fili ya goga fiffike. Duk wannan yana faruwa ne a gudun da bai wuce na mota a babban titi ba, kan ciyawa, abin da ke karyewa katako ne da yadi, kafinta da tela su gyara, yaro ya fito da kunya kawai. Jiragen yaƙi irin su Spitfire da Hurricane su ma da wutsiya suke zama, su ma dogon hanci ke tare gaba a ƙasa sai ana tafiya ana kaɗa shi dama da hagu ana leƙawa, toh ƙafar da aka horar a nan ita za ta yi aiki can.

Birki babu a ƙirar Ingila, wutsiya ma ba taya, wani ƙarfe ne ke jan ƙasa, shi ne birkin. In iska ta yi ƙarfi sai mutum biyu sun riƙe bakin fuka-fukan sun raka shi. Rediyo babu, malami da ɗalibi ta bututun roba suke magana wanda ke shiga hular kunne, ana kiransa da sunan Gosport, garin da Robert Smith-Barry ya tsara koyar da tuƙi mai malami da ɗalibi a jirgi ɗaya a 1917. Ɗalibi a baya yake zama, ranar da zai tashi shi kaɗai ma a bayan zai zauna saboda ma'auni. Akwai rumfar yadi da ake ja a rufe kansa ruf don ya koyi tuƙi da agogunan gabansa kaɗai. A gaban fiffiken sama kuma akwai wasu 'yan alluna da ke buɗe kansu in gudu ya ragu sosai don iska kar ta saki fiffiken da wuri, in za a yi wasan juyi a sama sai a kulle su da liba.

Sai arha. Daga baya a yaƙin har tankaɗe ake yi da shi, a ba yaro wajen awa 12 a Ingila, in an ga ba hannu a mai da shi wani fannin kafin a kashe kuɗin tura shi ƙetare. Ba Ingila kaɗai ke da wannan tunanin ba fa, Amurka da Stearman ta koyar, mai fiffike biyu shi ma sai dai ya fi girma da injin ƙarfin doki 220, Jamus da Bücker Jungmann da Focke-Wulf Stieglitz, Rasha da Po-2.

Lokacin yaƙi

An ƙera sama da 8,800. Da masana'antar de Havilland ta Hatfield ta koma yin jirgin yaƙin nan Mosquito sai aka miƙa aikin ga kamfanin motoci na Morris a Cowley kusa da Oksfod, su kaɗai sun yi sama da 3,000. Ostireliya ta yi sama da 1,000, Kanada sama da 1,500, kuma na Kanada daban ne, DH.82C, saboda sanyinsu suka sa masa rufin gilashi da na'urar ɗumi da birki da tayar wutsiya. Sararin Ingila ya yi ƙunci ga jiragen Jamus na kai hari ga yanayi mara kyau, shi ya sa aka watsa makarantun zuwa Kanada da Ostireliya da Afirka ta Kudu da Rodeshiya ta Kudu wato Zimbabuwe ta yau. Matuƙan da suka riƙa ɗauko Hurricane daga Takoradi ta ƙasar Gana ta yau su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri su wuce Sudan zuwa Masar, da yawansu a kan jirgin nan suka fara.

An so a sa shi faɗa ma da abin ya yi tsanani. A ƙarshen 1939 an riƙa tura su sintiri bakin teku ba rediyo, sai bindigar harba wutar alama da tantabaru a kwando don aika saƙo, wai ko jirgin ruwan Jamus mai nutso ya ji ƙarar inji ya tsorata ya nutse. A 1940 da ake tsoron Jamus za ta tsallako, an yi masa maratayin ƙananan bama-bamai guda takwas masu kilo 9 kowanne, har an gwada wata lauje a ƙasansa ta yanke laimar sojan da ke saukowa. Ba a kai ga amfani da su ba. Sai dai ƙarin nauyin nan na maratayi da fenti kan fenti ya sa wasu suka fara gardamar fita daga wulwulawa, wato in jirgi ya shiga faɗowa yana juyawa, shi ya sa aka ƙara wasu siraran alluna biyu a gaban wutsiya, za ka gan su a jikin da yawa har yau. Akwai kuma ɗan uwansa Queen Bee, wajen 400 aka yi, ba matuƙi, da rediyo ake sarrafa shi daga ƙasa masu bindigar kakkaɓo jirgi su koyi harbi a kansa, tun 1935.

Bayan yaƙi, da kuma in ka samu damar hawa

A farkon shekarun 1950 Chipmunk ya karɓe shi a sojan saman Ingila, mai fiffike ɗaya, jikin ƙarfe, rufi da birki. Jiragen yaƙi sun koma jet masu tayar gaba, rediyo ya zama dole, koyar da mutum a buɗaɗɗiyar kujera ya daina biyan buƙata. Ka duba abin da sojan samanmu suka yi koyarwa da shi a Kaduna, Bulldog da Air Beetle da Super Mushshak, duka fiffike ɗaya ne, malami da ɗalibi kafaɗa da kafaɗa. Tsofaffin Tiger Moth aka yi gwanjonsu da arha, a Niyuzilan suka cire kujerar gaba suka sa mazubi suna watsa takin zamani a kan tuddai, wasu feshin gona, wasu jan jirage marasa inji, wasu har an faɗaɗa musu jiki zuwa kujera huɗu.

Waɗanda suka rage suna tashi yau yawanci a Ingila da Ostireliya da Niyuzilan da Afirka ta Kudu suke, kuma akwai masu ɗaukar mutum yawo da kuɗi. In Allah ya kai ka kana so ka hau, ni ba zan hana ka ba, amma ka tambayi abu biyu. Na ɗaya yaushe aka buɗe yadin fuka-fukan aka duba katako da gam, don tsohon gam ba ya son laima, katako kuma ba ya son bushewa mai tsanani, irin hunturunmu da zafin bazara sai a hanga mai kyau. Na biyu wasu ƙarafa biyu ne da suka ratsa ƙasan jikin jirgin daga gefe zuwa gefe, su ke riƙe gindin fuka-fukan ƙasa in yana sama, an ƙayyade musu awa 2,000 ko shekara 18 a canza su. A Disamban 2013 wani ya karye a sama a gaɓar Queensland ta Ostireliya ana cikin wasan juyi, mutum biyu suka rasu, bincike ya gano ƙarafan nan ne suka tsage tun wa'adinsu bai cika ba, kuma ba na ainihin ƙirar ba ne, wasu aka yi a madadinsu. Tun daga nan hukumomi suka tsananta a kansu. Mai jirgin da ya san aikinsa zai buɗe maka littafin gyara ya nuna maka ranar da aka sa su da inda aka samo su. A gaba za a zaunar da kai, ka sa rigar sanyi ko da rana ake ƙwallawa a ƙasa, kuma in ba ka saba ba ka ce masa yawo kawai kake so ban da juyi.